Idan Mota Ta Kafe A Firki: Abin Da Ya Kamata Mai Kaya Da Direba Su Sani

Duk ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Maiduguri ya bi ta Dikwa zuwa Gamboru, ya haye gadar kogin El Beid ya faɗa Fotokol, sannan ya miƙe zuwa Kusiri da Njamena, ya san cewa da zarar damina ta kankama lissafin tafiya ya canza. Tafiyar da ake yi cikin yini guda da rani tana iya cin kwanaki a watan Agusta. Haka abin yake ga masu gangarowa daga Marwa ta Mora da Waza da Dabanga. Garin Rann kuwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Kala-Balge, kusan kowace shekara ruwa kan yanke shi daga sauran garuruwa na tsawon watanni, sai dai a shiga da kwalekwale ko jirgi mai saukar ungulu.

A irin wannan lokaci ne kasuwar motar nan mai jan ƙafa huɗu ke buɗewa, wadda mutanen Nijar da Chadi da Kamaru ke kira kat-kat, musamman Land Cruiser a-kori-kura da Hilux. Masu kaya kan yarda su biya kuɗin ɗauka mai tsada saboda an ce musu wannan mota ba ta kafewa. To amma tana kafewa, kuma idan ta kafe mai kaya ne ke fara jin jiki. Albasa ta fara tsiro a buhu, bandar kifi ta sha danshi ta yi fumfuna, sukari da fulawa da siminti kuwa ruwa ɗaya ya ishe su. Wanda ya ɗauko dabbobi ya fi kowa shiga uku.

Shi ya sa wannan bayani bai tsaya kan direba kaɗai ba. Yawan lodi, da lokacin tashi daga tasha, da matsa wa direba lamba ya faɗa wurin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, duk akwai hannun mai kaya a ciki. Idan kuma aka zo janye motar, sau da yawa shi ne ke tsaye kusa da igiya yana ba da umarni.

Halin ƙasar

Ƙasar da ke tsakanin Dikwa da gaɓar kogin Logon ba irin jigawar Kano ko ta Damagaram ba ce, wadda ke shanye ruwa cikin sa'o'i kaɗan. Baƙar laka ce, wadda Kanuri ke kira firki, Fulanin Kamaru kuma suna ce mata karal. Dubban shekaru da suka wuce Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu nesa ba kusa ba, wannan fili duk yana ƙarƙashin ruwa, kuma lakar da ta kwanta a gindin tafkin a wancan zamani ita ce motoci ke takawa a yau.

Firki tana kumbura idan ta sha ruwa, tana tsattsagewa idan ta bushe. Da rani za ka ga tsagar da hannu zai shige. Ruwan farko yakan bi waɗannan tsagogi ya gangara ƙasa, lakar ta kumbura ta rufe bakinsu, daga nan duk ruwan da ya sauka ba shi da hanyar nutsewa. Filin kuma a shimfiɗe yake kamar faifai, babu gangaren da ruwan zai bi. Wannan ne ya sa masakwa, wadda ake dasawa bayan ruwa ya janye, take nuna ba tare da an ƙara yi mata ruwan sama ba, domin ƙasar ta riƙe danshi a cikinta. Danshin da ke ciyar da masakwa shi ne dai ke kafe mota.

Direban da ya san hanyar yana bambanta laka iri uku. Akwai santsin da ke biyo bayan yayyafi ko ruwan farko, inda saman ƙasa ya jiƙe amma ƙarƙashi da tauri. A nan mota ba ta nutsewa, sai dai ta riƙa zamewa kamar an shafa wa hanya sabulu, lakar ta cika zanen taya ta mai da ita sumul. Akwai lakar tsakiyar damina mai zurfi, wadda manyan motoci suka riga suka tattake suka bar kwari biyu. Ta ukun ita ce mai yaudara, wato ta watan Oktoba da Nuwamba, lokacin da sama ta bushe ta yi ɓawo har ƙura na tashi, alhali ƙarƙashin ɓawon kunu ne. Mutum zai taka da ƙafa ya ji tauri, amma motar da ke ɗauke da tan uku ko huɗu za ta fasa ɓawon ta zauna. Hikimar 'yan sanda da ke tafe da direba, wato sandar da ake soka wa ƙasa kafin a shiga, a nan take amfani.

Ƙafa huɗu da ba huɗu ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da an sa kat-kat ƙafafun nan huɗu za su riƙa ja tare ko da me ake ciki. Ba haka ƙirar take ba. Tsakanin kowace ƙafar hagu da ta dama akwai wani tulun ƙarfe mai haƙora a ciki, wanda makanikai ke kira difaransiyal. Aikinsa shi ne barin ƙafa ɗaya ta fi ɗayar saurin juyawa idan an zo kwana. A kan kwalta alheri ne. A cikin laka kuwa, idan ƙafa ɗaya ta rasa abin kamawa sai ta yi ta wulwulawa, ɗayar da ke kan ƙasa mai ƙarfi ta tsaya cik. Da zarar ƙafar gaba ɗaya da ta baya ɗaya sun sami santsi, motar ta gama tafiya, ko da injin yana ta ruri. Wasu motocin suna da maɓallin kulle wannan tulu domin ƙafafun biyu su juya dole. Ba kowace Land Cruiser ke da shi ba, kuma ya kamata mai shirin sayen mota don wannan hanya ya tambaya. Ana kulle shi ne kafin a shiga lakar, a kuma buɗe da an fita, domin mota mai kullallen tulun gaba ba ta jin sitiyari sosai.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kunyata sababbin direbobi. A tsakiyar ƙafafun gaba na Land Cruiser da tsofaffin Hilux da yawa akwai wani marfi da ake murɗawa da hannu, an rubuta LOCK a gefe ɗaya, FREE a ɗaya gefen. Idan yana kan FREE, ko an tura ƙaramar giya zuwa H4 ko L4 ƙafafun gaba ba za su ja ba. Sai yaron mota ya sauka ya murɗa duka biyun, kuma gara ya yi haka tun ƙasa tana busasshiya, kafin marfin ya nutse.

Ga laka mai zurfi, L4 da giya ta biyu ko ta uku ita ce aka fi amfani da ita, a riƙe totur a wuri ɗaya, kada a taɓa kuloci a tsakiya, domin canza giya a cikin laka daidai yake da taka birki. Idan ƙafafun gaba sun fara sakewa, a riƙa ɗan karkaɗa sitiyari hagu da dama don gefen taya ya ciji bangon kwarin. Babban abin lura shi ne zurfin kwarin da manyan motoci suka bari. Tazarar da ke tsakanin tulun Land Cruiser da ƙasa ba ta wuce santimita 23 ko makamancin haka ba, kusan tsawon taƙi ɗaya. Tirela ta fi ta tsayin ƙafa sosai. Idan kwarin ya fi wannan zurfi, tudun tsakiya zai tokare cikin motar, ta zauna a kansa ƙafafu na lilo. Wannan ita ce kafewar da aka fi gani a hanyar Fotokol zuwa Maltam da wuraren da kwalta ta mutu a hanyar Dabanga, kuma ƙarfin inji ba ya maganinta.

Mintuna goma na farko

Da mota ta tsaya da tafiya alhali ƙafafu na juyawa, abu na farko shi ne ɗage ƙafa daga totur. Kowane juyi bayan wannan haƙa rami ne. Motar da mutum biyar za su iya turawa cikin minti goma, idan direba ya yi zuciya ya ci gaba da ba ta wuta sai ta koma aikin yini guda, wani lokaci har da ƙonewar kuloci a tsakiyar daji. A gwada komawa da baya a hankali sau ɗaya ko biyu, a kan sawun da aka shigo. Idan ta ƙi, kowa ya sauka.

Daga nan sai maganar da masu kaya ba sa son ji, wato sauke lodi. Land Cruiser a-kori-kura an ƙera ta ne ta ɗauki tan ɗaya da ɗan ɗoriya, wato buhu goma zuwa goma sha biyu masu kilo ɗari-ɗari, kuma a cikin wannan lissafi har da direba da fasinja da jarkokin mai. Wa bai taɓa ganin an ɗora mata ninkin haka ba, ga mutane a saman kaya? Da rani tana iya jurewa. A cikin firki kowane buhu ƙari ne ga zurfin da za ta nutse. Sauke rabin kaya a kan tamfol a wuri mai tudu yana cin rabin sa'a, kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa. Mai kayan da ya ƙi yarda a sauke saboda ƙyashin kuɗin 'yan dako yakan ƙare da biyan kuɗin tarakta.

Sai shebur. Ana haƙe lakar da ke gaban ƙafafu a bangaren da za a fita, a yi mata gangare mai sauƙi, sannan a kwashe wadda ta tokare tulu da ƙarƙashin mota har sai an ga haske ta ƙasa. Wannan yana da muhimmanci domin laka tana tsotse cikin mota ta riƙe, kamar yadda take riƙe takalmin mai tafiya. Idan ƙafa ta nutse sosai, a ɗaga ta da jak, a cika ramin da itace ko duwatsu ko karan dawa ko buhunan da aka cika da busasshiyar ƙasa, a sauke ta a kai. Jak ba ya tsayuwa a laka sai an shimfiɗa masa katako mai kauri, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Direbobin Agadas da ke keta rairayin hamada suna tafiya da wasu faifan ƙarfe masu huda-huda da suke shimfiɗa wa taya. Asalinsu na shimfiɗa filin saukar jiragen sama ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Suna aiki a laka ma, sai dai a ɗaura musu igiya, in ba haka ba mota za ta binne su a rasa inda suke.

Rage iskar taya dabara ce da mutanen hamada suka fi mutanen firki riƙo da ita. Tayar da aka rage wa iska tana kwanciya ta ƙara tsawon wurin da take taka ƙasa, nauyin ya bazu. Motar da ke tafiya da geji 40 a ma'aunin masu faci na Najeriya, wato kusan kilo 2.8 a lissafin Kamaru da Chadi, ana iya saukar da ita zuwa geji 25 ko 20, kilo 1.7 ko 1.4 ke nan. Amma da sharaɗi. Idan lodi ya yi nauyi kada a sauka da yawa, domin taya na iya fita daga bakin rim. Taya mai tib kuma tana iya zamewa a jikin rim ta tsinke bakin tib ɗin. Wanda ba shi da famfon mayar da iska a mota, ya yi tunani kafin ya sace ta, saboda gudu a kan kwalta da taya maras iska yana sa ta zafi har ta fashe.

Inda ake rasa rai

Kafewar mota ba ta cika kashe mutum ba. Wurin janyewa ne ake samun gawa da karaya, kuma kusan ko da yaushe dalilin ɗaya ne, an raina ƙarfin da ake buƙata.

Sojojin Amurka suna da wani ma'auni mai sauƙi da suke koya wa masu janye motoci. Idan mota ta nutse har zuwa ƙafafunta, ƙarfin da za a ja ta da shi ya kai nauyinta gaba ɗaya da kayan da ke kanta. Idan lakar ta rufe ƙafafun ta kai jikin mota, a ninka biyu. Idan ta kai gidan direba, a ninka uku. Ja ta baya, ta hanyar da ta shigo, yana rage kusan kashi goma cikin ɗari. Ke nan Land Cruiser mai nauyin tan huɗu da lodi, wadda ta nutse har jiki, tana neman jan tan takwas. Mai karatu ya dubi igiyar da ake saye a kasuwa don ɗaure kaya, ya tambayi kansa ko za ta ɗauki tan takwas.

Sarƙa da wayar ƙarfe ba sa miƙewa. Da su ana ja ne a hankali, a bar su su ɗaure tukuna sannan a ƙara ƙarfi. Abin da aka saba gani shi ne babbar mota ta ja da baya, ta bar sarƙa a kwance, ta taho da gudu ta fizga. A irin wannan fizga ko dai sarƙar ta tsinke ta yi bulala, ko ta ɓalle abin da aka ɗaura ta a jiki. Akwai igiyar leda ta musamman da aka yi domin fizga, wadda ke miƙewa kusan kashi ashirin cikin ɗari sannan ta dawo, ta ciro motar da taushi. Tana da kyau ƙwarai, amma ta fi sarƙa haɗari idan aka ɗaura ta a wurin da bai dace ba, domin ta zama kamar danƙon harbi. A Ostareliya, inda ake yawan shiga daji da irin waɗannan motoci, mutane sun mutu ta wannan hanya har gwamnati ta kafa doka a 2010 cewa dole a rubuta ƙarfin igiyar da gargaɗi a jikinta. Shawarar da ke tare da dokar ita ce ƙarfin igiyar ya ninka nauyin motar da lodinta sau biyu zuwa uku.

Wurin da ya fi kowane muni a ɗaura igiya shi ne ƙwallon ƙarfen nan da ke bayan motoci da yawa da aka shigo da su daga Turai, wanda aka yi don jan ƙaramar tirela. Ganinsa kamar an yi shi ne domin rataya igiya. Ba a yi shi don fizga ba. Yakan karye daga wuya, ya tashi kamar harsashi ya fasa gilashin motar da ke ɗaya bakin igiyar. Haka nan ƙananan zobban da ke ƙarƙashin mota, waɗanda aka yi don ɗaure ta a cikin jirgin ruwa, da ƙarfen kariya na gaba, da sandunan sitiyari. Wurin ɗauri shi ne ƙugiya mai kauri da aka ɗaure da manyan kusoshi a jikin shasi. Idan igiya ɗaya ta gaza tsawo, kada a haɗa biyu da ƙarfe a tsakiya. A sarƙa bakinsu cikin juna, a cusa naɗaɗɗen buhu a ƙullin don a iya kwancewa daga baya.

Kafin a fara ja, a ɗora bargo ko jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar igiyar, domin idan ta tsinke nauyinsa ya kwantar da ita ƙasa. Kowa ya matsa gefe, nisan da ya fi tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, kada a tsaya a gabanta ko a bayanta, kada kuma a tsallaka ta idan ta ɗaure. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba direbobin biyu alama. A wurin kafewar mota kowa malami ne, kowa yana ihu, kuma a cikin wannan hayaniya ne direba ke taka totur alhali yaro na durƙushe yana gyara ƙulli. Masu turawa kuma su tura daga gefe, domin taya tana harbo itace da duwatsun da aka cusa mata zuwa baya.

Motar da ke da winci a gaba tana iya ciro kanta, matsalar ita ce firki ba ta da itatuwan kirki. A nan ana haƙa rami mai zurfin kusan mita ɗaya a gaba, a binne tayar safaya da igiya a ɗaure a jikinta, a yanka siririyar hanya don igiyar ta fito a kwance, sannan a ja. Aiki ne mai wahala amma yana fitar da mota. Winci ya fi ƙarfi idan an warware mafi yawan wayarsa, a bar aƙalla naɗi biyar a jiki, kuma idan aka bi da wayar ta cikin kura aka dawo da ita jikin mota ƙarfin ya kusan ninkuwa. A bar inji a kunne don kada batir ya mutu.

Idan matasan ƙauye ne za su taimaka, ko mai tarakta, a gama ciniki kafin a sa hannu, a kuma fayyace wa zai biya tsakanin direba da masu kaya. Wannan magana a tasha ya kamata a yanke ta tun kafin a tashi.

Abin da ya haɗa mu da ƙasashen ƙanƙara

Mai karatu zai ce ina ruwan ɗan kasuwar Gamboru da dusar ƙanƙara. Akwai ruwansa, domin da yawa daga motocin da ake saukewa a Kwatano da Duwala sun yi rayuwarsu ta farko ne a Turai da Kanada da arewacin Amurka. A can ana watsa gishiri a kan hanya da hunturu don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfen ƙarƙashin mota. Sai ka ga mota fes a sama, an fesa wa shasi baƙin fenti, amma tsatsa ta cinye shi ta ciki. Ranar da aka ɗaura igiya aka fizga, ƙugiyar za ta fito da guntun shasi a jikinta. Mai sayen irin wannan mota ya shiga ƙarƙashinta da guduma ya ƙwanƙwasa, musamman kusa da inda ƙugiyoyi suke.

Tayoyin gwanjo ma haka. Wadda aka zana wa hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a gefe an gwada ta ne don hunturu, kuma da yawansu robarsu taushi gare ta, zafin hanyoyinmu yana cinye ta da wuri. Haruffan M+S da ake gani a jikin wasu suna nufin laka da ƙanƙara, amma wannan bai sa ta zama tayar firki ba. Tayar laka ta gaskiya ita ce mai manyan haƙora da faɗin rata a tsakaninsu, wadda ke tofar da laka idan tana juyawa.

Abu ɗaya da ya cancanci a ara daga mutanen ƙanƙara shi ne sarƙar taya. Wani Ba'amurke mai suna Harry Weed ne ya yi mata rajista a 1904, lokacin da yawancin hanyoyin ƙasarsu na ƙasa ne, kuma tun farko don laka da ƙanƙara duka aka yi ta. A kan santsin nan na ruwan farko, inda ƙarƙashi ke da tauri, sarƙa tana cizon ƙasa fiye da kowace taya. A laka mai zurfi kuwa sai a yi hattara, domin tana haƙa rami da sauri. Ana cire ta da an hau kwalta.

Akwai kuma gargaɗi daga can. A watan Janairun 2022 dusar ƙanƙara ta tare dubban motoci a garin Murree na Pakistan, mutum fiye da 20 suka mutu a cikin motocinsu, da yawa daga cikinsu saboda hayaƙin inji. Sun rufe gilashi sun bar inji a kunne don ɗumi, ƙanƙara ta toshe bakin salansa, hayaƙin ya dawo ciki. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, barci kawai take sa mutum. Motar da ta nutse a laka har salansa, aka kwana a cikinta da gilashi a rufe saboda sauro, inji yana aiki don na'urar sanyaya ɗaki, ta shiga irin wannan haɗari.

Ruwa, shinge da nakiya

Shekarun baya-bayan nan ruwa ya ƙaru a yankin. A Oktoban 2022 ambaliyar Shari da Logon ta sa gwamnatin Chadi kafa dokar ta-ɓaci. A Satumban 2024 madatsar Alau ta fashe ta cinye babban ɓangare na Maiduguri, a watan ne kuma ruwa ya karya gada a Yagwa. Ma'ana direba zai riƙa cin karo da ruwa kwance a kan hanya, ba laka kawai ba. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Land Cruiser irin ta a-kori-kura zurfin santimita 70. Ruwa mai gudu kuwa, santimita 60 ya isa ya tafi da babbar kat-kat. A fara aika mutum da sanda ya taka ya gani, idan ruwan yana neman kayar da shi to mota ma ba ta da wurin shiga. Idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake tayar da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, injin gas kuma matsinsa yana da ƙarfi, murɗa makulli sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarafan ciki. A janye motar, a buɗe matatar iska a duba, idan ta jiƙe sai makanike.

A Kamaru da Chadi akwai shingen ruwan sama a hanyoyin ƙasa, inda ake tsayar da motoci masu nauyi har hanya ta sha iska. 'Yan kasuwa suna ƙorafi a kansa, wasu ma suna neman a buɗe musu ta bayan fage. A ganina wannan shinge yana cikin dokokin hanya kaɗan da amfaninsu ke komawa kai tsaye ga ɗan kasuwa. Tirela ɗaya da ta bi jiƙaƙƙiyar firki tana barin kwarin da zai kafe ƙananan motoci har ƙarshen damina, kuma idan ita ta kafe a wuri mai ƙunci duk wanda ke bayanta ya kwana.

A da, idan direba ya ga wuri ya lalace sai ya ratse daji ya zagaye. Tun da rikicin Boko Haram ya shigo, wannan dabara ta zama abin tsoro. An kai wa Gamboru mummunan hari a watan Mayun 2014, a watan ne kuma aka sace ma'aikata 'yan China goma da ke aikin hanya a Waza, abin da ya tsayar da gyaran hanyar Mora zuwa Kusiri na tsawon shekaru. Hanyar Maiduguri zuwa Gamboru sai a 2016 aka sake buɗe ta. A Afrilun 2025 nakiyar da aka binne a hanyar Rann zuwa Gamboru ta kashe mutum 26. Saboda haka sabon sawu a gefen hanya ba abin bi ba ne sai an tambayi mutanen wurin da jami'an tsaro, kuma motar da ta kafe da la'asar a irin wannan yanki matsalarta ta wuce ta kaya. A tashi da sassafe, a tafi mota biyu ko uku tare, kowace da shebur biyu, da katako, da igiyar da aka san ƙarfinta, da famfon iska, da tamfol, da ruwan sha na kwana biyu.

Da an hau kwalta, a mayar da giya H2, a murɗa marfin gaba zuwa FREE, a cika iska. Barin kat-kat a kan busasshiyar kwalta yana murɗe ƙarafan da ke juya ƙafafu har su lalace. A taka birki a hankali sau da yawa don ya bushe. A gari na farko a wanke lakar da ta toshe lagireto, wadda ke sa inji zafi, da wadda ta daskare a cikin rim take sa sitiyari rawa. Sannan a sa makanike ya buɗe man tulun gaba da na baya da na giya ya duba, domin tulu mai zafi yana zuƙar ruwa idan ya nutse. Idan man ya koma fari kamar madara, a zubar a zuba sabo kafin a ɗora lodin komawa.